JUMA'AR DA ZA TA YI KYAU: DA ME ZA MU AUNA YARO MAI ƘWALLO?

'Yan'uwana ɗalibai, ina so in yi magana a kan wani aiki wanda ba a rubuta shi cikin manhajar wannan kwaleji ba, amma kuwa kaɗan ne daga cikinmu za su kuɓuce masa. Duk wanda ya fita daga nan ya kama aiki, in dai mai ƙuruciya ne kuma ƙafafunsa lafiya lau, kafin ya san inda a ke ajiye alli Hedimasta zai ɗora masa kula da wasanni. Wata rana kuma uban wani yaro zai tare shi a bakin ƙofar makaranta ya ce, "Malam, an ce ɗana ya fi kowa ƙwallo a unguwarmu. Kai ne ka ke tare da su. Shin zai ci abinci da ita, ko kuwa in tsare shi ga karatu da kasuwa?" Amsar da malamin zai bayar a tsaye cikin minti biyu tana iya juya shekara goma ta rayuwar yaron nan.

Tambayar ba sabuwa ba ce, amma a nan Ikorodu ta ƙara nauyi. Ƙungiyar Ikorodu City, wadda aka kafa a 2022, ta hau babbar gasar Nijeriya a 2024, a kakarta ta fari kuma ta ƙare ta huɗu cikin ƙungiyoyi 20. Mutanen Agege sun riga mu ɗanɗana irin wannan, sa'ad da MFM ta ke wasa a filin garinsu har ta zo ta biyu a 2017, a bayan Plateau United. Yaron da ya ke buga tamaula da la'asar a bayan kasuwar Sabo, dā yana zaton matakalar tana can nesa, yanzu kuwa ga ƙafarta a ƙofar gidansu. Daga ƙungiyar unguwa sai gasar NLO, daga nan sai NNL, daga nan sai babbar gasa, sa'an nan, in ji shi, sai Turai. Ban ga laifinsa ba. Laifin da na ke gudu namu ne, mu da za a tambaya.

Yawancinmu da mudu ɗaya mu ke awo, watau ƙwallo nawa yaro ya jefa a raga. In ya ci goma sha biyar a gasar makarantu sai mu ce ai Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba a ke gane ta. Ni kuwa a ganina, a wasan yara da na ƙananan ƙungiyoyi babu mudun da ya kai wannan yaudara. Ƙidayar ƙwallaye tana gaya maka labarin abokan karawar yaro fiye da yadda ta ke gaya maka labarin yaron kansa.

Mu koma 2009, shekarar da Nijeriya ta sauki gasar duniya ta 'yan ƙasa da shekara 17. A filin Teslim Balogun na Surulere, nan cikin Ikko, aka yi wasan kusa da na ƙarshe, Nijeriya ta ci Sifen 3 da 1. Biyu daga ciki wani yaro ne ya zura su, Sani Emmanuel, wanda aka ɗauko daga wata ƙaramar ƙungiya ta Ikko mai suna My People. Sau da yawa daga benci ya kan taso, duk da haka ya ci 5 a gasar, aka kuma ba shi Ƙwallon Zinariya, watau shi ne gwanin gasar gaba ɗaya. A wannan fili dai, 'yan makonni kafin nan, Birazil ta fito da wani siririn yaro wai shi Neymar. Ƙwallo ɗaya tak ya ci, a ragar Japan, aka kori Birazil tun a zagayen fari. Cikin Sifen da muka ci akwai Isco da Koke. Cikin Suwizalan da ta ci mu 1 da nema a wasan ƙarshe a Abuja akwai Granit Xhaka, wanda daga baya har ya riƙe kyaftin na Arsenal. To, da a ce ran nan an ba mai ƙidayar ƙwallaye takarda an ce ya rubuta wanda zai yi nisa, wa zai sa a sama? Lalle Sani zai sa, ya bar Neymar can ƙasa. Sani ya tafi Lazio ta Italiya, amma bai samu shiga babbar ƙungiyar a wasan gasa ba, raunuka suka takura masa, ya bar ƙwallo da ƙuruciyarsa.

Ban kawo sunansa don in rage masa daraja ba. Abin da ya yi a 2009 ya yi shi, dubban mutane sun gani da idonsu, kuma rauni ba ya shawara da kowa. Abin da na ke nufi shi ne, kyautar nan shaida ce a kan makonni uku da suka wuce, mu ne muka mai da ita alkawari a kan shekara goma sha biyar masu zuwa. Haka kuma aka yi a 2007 a Koriya ta Kudu. Macauley Chrisantus ya fi kowa ci, ƙwallo 7, Nijeriya ta ɗauko kofi, ya tafi Hamburg ta Jamus. Ya yi shekaru yana wasa a ƙasashe dabam dabam, ya ci abincinsa da sana'arsa, wannan kuwa ba ƙaramin abu ba ne, amma wanda duniya ta riƙe sunansa daga wannan gasa Toni Kroos ne.

Na san wani zai ɗaga hannu ya ce, "Ai ga Victor Osimhen." Gaskiya ne, kuma labarinsa ya cancanci a tsaya a kai, domin shi ne ya fi nuna inda mudun nan ya ke da rami. Ɗan Ikko ne, ya tashi a Olusosun kusa da babbar bolar nan ta Ojota, da bakinsa kuma ya sha faɗin yadda ya yi tallar ruwan leda a tsakanin motoci. A 2015 a ƙasar Chile ya ci ƙwallo 10 cikin wasa 7, babu wasan da bai ci ba, har da na ƙarshe da aka doke Mali 2 da nema. Kowa ya ce an gama magana. A Janairun 2017 ya tafi Wolfsburg ta Jamus. Shekara ɗaya da rabi ya yi a can, ko ƙwallo ɗaya bai ci musu ba. Ga ciwon kafaɗa, ga zazzaɓin cizon sauro da ya kama shi a 2018. Ya je gwaji a ƙungiyoyi biyu na Beljiyam, Zulte Waregem da Club Brugge, duka biyun suka ce ba sa so. Masu ƙidaya suka sāke buɗe littafinsu suka ga sifiri, suka ce an gama magana, yaron ya bi sawun na gabansa. Sai Charleroi ta karɓe shi aro, ya ci 20 a kaka ɗaya. Daga nan Lille ta Faransa a 2019, Napoli a 2020. A kakar 2022/23 ya ci 26 a gasar Italiya, ya fi kowa, Napoli ta ɗauki kofin da rabonta da shi tun 1990. A Disambar 2023 aka naɗa shi gwarzon Afirka, rabon da ɗan Nijeriya namiji ya samu wannan tun Nwankwo Kanu a 1999.

Ku duba da kyau. Mudu ɗaya ne ya ce mana a 2015 yaron nan ba shi da na biyu, shi ne kuma ya ce mana a 2018 ba shi da amfani. Yaron kuwa bai sāke ba. Gudunsa, da tsallensa, da naci irin na wanda ba ya barin ɗan baya ya huta, suna nan a Wolfsburg kamar yadda su ke a Chile. Wanda ya san abin da ya ke dubawa zai gan su a ranar da ba a ci kome ba. A wannan gasa ta 2015 ma ba shi aka ba Ƙwallon Zinariya ba, kyaftin ɗinsu Kelechi Nwakali aka ba, wanda Arsenal ta saya a 2016 amma bai buga mata wasan gasa ba.

Me ya sa ƙidayar yara ta ke ruɗi haka? Babban dalili, wanda kuma ya shafe mu malamai kai tsaye, daga wani wasa dabam aka fara gano shi. A ƙasar Kanada wasan da a ke ji da shi shi ne ƙwallon gora na kan ƙanƙara, suna kuma da gasannin matasa inda manyan ƙungiyoyi su ke zuwa zaɓen 'yan wasa, kamar dai yadda a ke zuwa kallon NLO a nan. Wani masanin halayyar ɗan Adam, Roger Barnsley, da matarsa Paula da abokin aikinsu A. H. Thompson, suka duba ranakun haihuwar waɗannan matasa, suka buga abin da suka samu a 1985. Kusan huɗu cikin goma an haife su tsakanin Janairu da Maris, waɗanda aka haifa tsakanin Oktoba da Disamba kuwa kamar ɗaya ne cikin goma. Ba wai watan Janairu yana da wata albarka ta musamman ba. A can ran 1 ga Janairu a ke yanke shekarar rukunin yara. Saboda haka wanda aka haifa a farkon Janairu da wanda aka haifa a ƙarshen Disamba rukuninsu ɗaya, alhali kuwa akwai kusan shekara guda tsakaninsu. Ga ɗan shekara tara, shekara guda tsawo ne da ƙarfi da sauri. Mai horarwa ya ga babban ya fi, sai ya zaɓe shi, ya ba shi ƙarin horo da ƙarin wasanni. Bayan shekara biyar sai ya zamana lalle ya fi ɗin, amma zaɓen ne ya sa ya fi. Ƙaramin kuwa tuni ya gaji da zaman benci ya bar wasan.

To, in a ƙasar da kowane jariri ya ke da takardar haihuwa wata goma sha ɗaya sun isa su ruɗi ƙwararru, ina ga mu? Duk wanda ya fita koyarwar gwaji a Agege ko Mile 12 ko nan Sabo ya san aji ɗaya ya kan haɗa ɗan shekara goma sha biyu da ɗan goma sha biyar. Sau da yawa kuwa babu wanda ya yi ƙarya. Wani ya yi shekaru a makarantar allo kafin a sa shi boko, wani an kawo shi daga Arewa wurin kawunsa aka mai da shi baya aji biyu saboda Turanci, wani kuma iyayensa abin da su ke tunawa shi ne an haife shi da damina, shekarar da aka yi kaza. In irin wannan yaro ya shiga fili ya ture ƙannensa ya ci uku, bai nuna mana gwaninta ba tukuna, ya nuna mana ya riga su balaga ne kawai. Shekara uku nan gaba za su kamo shi a tsawo, a ranar ne za a san abin da ya rage masa.

Akwai kuma inda a ke yin ƙaryar da gangan, wannan kuwa ya ja mana kunya a idon duniya. Tun daga gasar 2009 hukumar FIFA ta fara amfani da na'urar MRI tana ɗaukar hoton ƙashin wuyan hannu. In an ga ƙashin ya gama haɗewa sarai, sai a ɗauka yaron ya wuce 17. A 2016 'yan wasa 26 na ƙungiyar Nijeriya suka faɗi wannan gwaji ana gab da karawa da Nijar. Nijar ta fitar da mu, mu da mu ke riƙe da kofin duniya a lokacin, ita ce kuma ta je gasar duniya a Indiya a 2017. Ina roƙon kowane ɗayanmu, in an kawo masa takarda a ce ya sa hannu a kan shekarun da ya san ba su ne ba, ya tuna akwai wani yaro mai shekarun gaskiya da za a tura gida saboda sa hannun nan.

Kada a ce na ce a jefar da ƙidaya kwata-kwata. Tana da inda ta ke faɗin gaskiya. Ahmed Musa ya ci ƙwallo 18 a Kano Pillars a kakar 2009/10, ya fi kowa a ƙasar, bai kuma cika shekara 18 ba. Amma ku lura da ragar da ya jefa su: a babbar gasa ne, tsakanin magidanta masu gemu waɗanda ba sa tausayin ƙafar yaro. Ƙwallo ɗaya a tsakanin waɗanda suka girme ka ta fi biyar a tsakanin ƙannenka. Saboda haka kafin ka tambayi nawa ya ci, tambayi wa ya ci, a wane fili, yana da shekara nawa, su kuma suna da nawa.

In ba ƙidaya ba, me malami zai duba? Abu na fari, ka ɗauke idonka daga ƙwallo. Wannan da wuya, domin ido ƙwallo ya ke bi, amma cikin minti 90 ɗan wasa 'yan mintoci kaɗan ne ya ke da ita a ƙafarsa, sauran lokacin kuwa a nan hankalinsa ya ke bayyana. Zaɓi yaro ɗaya ka bi shi da kallo minti goma. Kafin ƙwallo ta iso gare shi, ya kan waiga ya ga wa ke bayansa? Wani masani ɗan Norway, Geir Jordet, ya yi shekaru yana ƙidaya wannan waige a wasannin manya, ya samu cewa 'yan tsakiya masu yawan waige sun fi miƙa ƙwallo ta isa inda aka nufa. Yaron da ya riga ya san inda zai kai ta kafin ta zo, ko da ƙanƙane ne har ana ture shi, ka rubuta sunansa. Ƙarfi zai zo masa da tuwo da shekaru, amma wanda ya saba cin ƙwallo da ƙirji ba lalle ne ya koyi waige ba, domin bai taɓa bukatarsa ba.

Sa'an nan ka duba taɓawarsa ta fari. Filayenmu na yashi da tsakuwa suna da wannan amfani guda, ba sa ɓoye wanda ƙwallo ta ke guje wa ƙafarsa. Ka duba ko ƙafarsa ta hagu ta hawa bas ce kawai. Amma abin da na fi ba nauyi shi ne abin da ya ke yi in abu ya ɓaci. An ƙwace masa ƙwallo, ya kan juyo ya bi ta, ko kuwa ya kan tsaya ya riƙe ƙugu yana harare-harare? An ci su biyu tun kafin hutun rabin lokaci, yana nan cikin wasan ko ya ɓace? An fitar da shi an sa wani, gobe ya zo horo a kan lokaci? Yaro mai yanka uku ya faɗa cikin na huɗu, 'yan kallo suna ihu suna kiran sunansa, shi ne ya fi kowa daɗin kallo a unguwa, shi ne kuma na fi jin tsoron a gaya masa ya iso. Abin da ya fid da Osimhen daga 2018 ba a ƙidayar Chile ya ke ba. Kuma wannan ba ya ganuwa a wasa ɗaya. Sai ka gan shi a gida da waje, da rana da ruwan sama, ranar nasara da ranar kashi, ka kuma gwada sa shi cikin waɗanda suka girme shi ka ga ko zai nutse.

Ka kuma yi hattara da wanda ba ka gani ba sam. N'Golo Kanté, ɗan mutanen Mali da aka haifa a Faris, gajere ne, shiru-shiru, ba mai cin ƙwallaye ba. Yana ƙaramar ƙungiyar unguwa ta Suresnes har ya kai shekara 19, a kakar 2012/13 kuma yana rukuni na uku na Faransa tare da Boulogne. A 2016 ya ɗauki kofin Ingila da Leicester, a 2018 ya ɗauki kofin duniya. Irinsa a makarantunmu shi ne wanda a kan ce ya je baya ya tsaya, domin a ba dogon nan wuri a gaba.

Yanzu mu dawo ga uban nan da ya ke tsaye a bakin ƙofa. Wani zai ce amsa mai sauƙi ce, zakaran da Allah ya nufa da cara ko ana muzuru ana shaho sai ya yi. Na yarda, amma ba a ba malami sanin wane zakara ne ba, an dai ba shi tsaron akurki. Ga abin da ni zan ce: "Baba, ga abin da na gani a ɗanka, ga abin da ya iya, ga abin da bai iya ba tukuna. Ko zai ci abinci da ƙwallo, wannan babu mai iya gaya maka yau, duk wanda kuma ya rantse maka ya sani, ka riƙe aljihunka. Ka bar shi ya yi wasa, kada ka bar shi ya bar aji." In kuwa ya ce wani dillali ya zo yana neman kuɗin jirgi da na biza zai kai yaron Turai, sai ka gaya masa dokar FIFA ta hana a ɗauki ɗan wasa daga ƙasa zuwa ƙasa kafin ya cika 18, sai a 'yan wurare ƙalilan, kamar in iyayensa ne suka ƙaura don wani dalili wanda ba ƙwallo ba. Ahmed Musa kansa, da ƙwallayensa 18, sai da ya jira ya cika 18 a Oktoban 2010 kafin ya buga wa VVV-Venlo ta Holan. In wanda ya fi kowa ci a Nijeriya ya jira, ɗan shekara goma sha biyar daga bayan kasuwar Sabo ta wace ƙofa za a shigar da shi? Ƙungiyar da ta ke son yaro da gaske ita ta ke kashe kuɗi a kansa, ba ta aiko a sayar da buhunan albasar ubansa ba.

Ina da roƙo guda ga malamanmu na sashen wasanni. Mu da za mu fita koyarwar gwaji zango mai zuwa, a sa kowannenmu ya riƙe ɗan littafi na yaran ƙungiyar makarantar da aka tura shi. A shafin kowane yaro a rubuta shekararsa da watan haihuwarsa gwargwadon abin da iyaye suka tabbatar, da tsawonsa a farkon zango da ƙarshensa, da abin da aka gani ya yi ba tare da ƙwallo ba a wasa uku aƙalla. Ƙwallayen da ya ci a sa su a layin ƙarshe, tare da sunan makarantar da aka ci. In mun dawo sai mu haɗa littattafan a ɗakin karatu, mu ƙidaya mu ga yara nawa ne cikin sha ɗayan farko suka girmi 'yan ajinsu, nawa ne kuma cikin masu zaman benci su ne ƙanana.